Teburin Da Ake Raina: Mataimakin Jami'in Kula Da Ma'aikata Da Makomar Mai Neman Aiki

Duk lokacin da aka tashi maganar neman aiki a Najeriya, mutum biyu ake nuna wa yatsa. Na farko shi ne matashin da ke yawo da kwalinsa, wanda ake cewa bai iya rubuta takardar neman aiki ba, ko bai koyi sana'a ba, ko kuma ya cika zaɓe. Na biyu shi ne babban mutum, minista ko sanata ko darakta, wanda ake zargi da raba guraben aiki tsakanin 'ya'yansa da 'yan korensa. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin biyu, amma duka sun tsallake mutum na uku, wanda a kan teburinsa ne takardun wancan matashi da umarnin wannan babba suke haɗuwa. Wannan shi ne mataimakin jami'in kula da ma'aikata, ƙaramin ma'aikacin da mutane ke ɗauka akawu ne kawai mai jera fayil. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne cewa adalci wajen ɗaukar aiki yana tabbata ne idan akwai tsari rubutacce da za a iya bin sawunsa daga farko har ƙarshe, kuma a hannun wannan ƙaramin ma'aikaci tsarin yake rayuwa ko ya mutu. Muddin ana ganin kujerarsa wurin ajiye duk wanda aka rasa inda za a kai shi ce, za mu ci gaba da kuka a kan alfarma da sayar da gurabe, kukan kuma ba zai canza komai ba.

Ya kamata a fara sanin abin da aikin ya ƙunsa, domin rashin saninsa ne ke jawo raini. Idan gurbi ya samu, mataimakin ne ke karɓar bayanin aikin daga sashen da ke buƙatar mutum, ya shirya sanarwa, ya tabbatar ta fita inda jama'a za su gani. Takardu na fara shigowa, shi ne zai ba kowace lamba, ya rubuta ranar da ta iso, ya shigar da ita rajista. Daga nan ya zauna da jerin sharuɗɗa a gefe guda, tarin takardu a ɗaya gefen, yana bi ɗaya bayan ɗaya: wannan yana da shaidar kammala bautar ƙasa, wancan takardar uzuri ya kawo don ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu, wannan sunansa Muhammad a sakamakon WAEC amma Mohammed a katin ɗan ƙasa, waccan kuma shekarar haihuwar da ke fom ɗinta ta saɓa da wadda ke takardar rantsuwar kotu. Shi ne zai kira waɗanda suka tsallake, ya sa musu rana da lokaci, ya shirya wa kwamitin ganawa takardun ba da maki, ya tattara su bayan an tashi, ya aika wa makarantu wasiƙa don tabbatar da sahihancin kwalaye. Bai da ikon cewa a ɗauki wane, amma duk wanda zai kai gaban masu ikon sai ya bi ta hannunsa, kuma duk shaidar da za a nema gobe idan rigima ta tashi, shi ne ya ajiye ta ko ya bari ta salwanta.

Aikin bai ƙarewa ranar da aka miƙa takardar kama aiki. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce, kuma mataimakin ne ke shirya wannan takarda. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aikin ya ƙara kashi 10, a tura asusun ajiyarsa. Idan aka yi kuskuren lamba ɗaya a nan, mutum na iya shafe shekaru ana cire masa kuɗi ba su isa inda ya kamata ba, sai ranar ritaya ya gano. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, amma sai an kai rahoto a kan lokaci da takardu cikakku. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, kuma wani ne zai gyara jadawalin biya. Hutun shekara, hutun haihuwa, ƙarin girma, canjin wurin aiki, takardar tuhuma da amsarta, duk a fayil suke taruwa. A yawancin aikin gwamnati mutum yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, don haka ranar haihuwa da ranar kama aiki da ke cikin fayil dukiya ce, shi ya sa ake samun masu neman a taɓa musu su. Wanda ke riƙe da wannan duka yana riƙe da rayuwar ma'aikaci tun daga shigarsa har bayan fitarsa.

Idan ana son ganin abin da ke faruwa in aka yi watsi da wannan aiki, a tuna ranar Asabar 15 ga Maris 2014. Hukumar shige da fice ta ƙasa tana da gurabe ƙasa da 5,000, mutum sama da rabin miliyan suka nema, kowa ya biya naira 1,000 kuɗin fom ta hannun wani kamfani mai zaman kansa da aka ba kwangilar. Maimakon a tace takardun a rage yawan mutane zuwa adadin da za a iya jarrabawa cikin natsuwa, sai aka gayyaci kusan kowa a rana ɗaya zuwa filayen wasa da sauran cibiyoyi a faɗin ƙasa. Turereniya a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin ta ci rayukan mutum fiye da 15, har da mata masu juna biyu, wasu da yawa suka jikkata. An yi ta magana a kan kwaɗayin waɗanda suka karɓi kuɗin, kuma magana ce da ta dace. Sai dai abin da ya kashe mutane kai tsaye shi ne tsallake matakin tantancewa, wato ainihin aikin yau da kullum na ofishin kula da ma'aikata. Da an zauna an duba shekaru da takardun karatu, an fitar da jeri, an raba mutane rukuni-rukuni a kan ranaku daban-daban, da ba a tara dubun dubatar mutane a bakin ƙofa guda ba. Yawan masu neman kuwa bai ragu ba tun lokacin. A ɗaukar da hukumar kwastan ta buɗe a ƙarshen 2024, mutum sama da 570,000 ne suka nemi gurabe 3,927.

Wata shaidar tana cikin jadawalin albashi. Tun 2007 gwamnatin tarayya ta fara amfani da tsarin biyan albashi na bai ɗaya da ake kira IPPIS, don a tabbatar duk wanda ake biya mutum ne mai rai da ke zuwa aiki. A watan Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta sanar da cire sunayen bogi 23,846, abin da ya rage sama da naira biliyan 2 daga albashin wata guda. Jihohi da ƙananan hukumomi ma, kusan duk lokacin da aka yi aikin tantance ma'aikata, sai an tono matattu da ke karɓar albashi, da waɗanda suka bar ƙasa, da mutum ɗaya mai suna a wurare biyu. Ma'aikacin bogi ba ya faɗowa daga sama. Wani ne ya buɗe masa fayil, ko ya ƙi rufe fayil ɗin mamaci, ko ya ga sunan da bai da takardar kama aiki ya kau da kai. Wannan ya shafi mai neman aiki kai tsaye, domin kowane sunan bogi gurbi ne da aka toshe, albashi ne da zai iya ɗaukar malami ko ungozoma. Haka nan idan gwamna ya duba ya ga albashi ya cinye kuɗin jiha, abin da zai fara yi shi ne dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata, sai matasa su biya bashin rajistar da ba a kula da ita ba.

Sai kuma batun sayar da gurabe, wanda a da raɗe-raɗi ne, yanzu kuwa an auna shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, wanda aka fitar a 2024, ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka samu aikin gwamnati tsakanin 2020 da 2023 sun samu ne ta hanyar cin hanci, ko alfarmar dangi da abokai, ko duka biyun. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki wannan badaƙala, inda wani tsohon jami'in Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ya amsa a bainar jama'a cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki. Zaman ya kuma fito da wata dabara da ta zama ruwan dare. Ƙa'idar hukumar ta ce a tallata gurabe a jaridu aƙalla biyu da ke yawo a faɗin ƙasa, a ba mutane mako shida su nema, amma sai ma'aikatu su riƙa neman takardar sassauci don kada su tallata, su ɗauki mutane a ɓoye, wani lokaci da sunan cike gurbin waɗanda suka yi ritaya. A lura da abin da mai maguɗi yake fara kawarwa: sanarwa, rajistar masu nema, jarrabawa, takardar maki. Ya san waɗannan ne za su tona shi. Abin da ɓarawo ya fi gudu kuwa, shi ya kamata mai gida ya fi ƙarfafawa.

Illar ba ta tsaya kan wanda aka hana ba, tana bin al'umma har shekaru. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa a matakin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta yi watsi da yadda aka gudanar da jarrabawar, har ta shiga yajin aiki a farkon 2018, kuma mutum na iya samun hujja a kowane ɓangare. Amma ko wane ɓangare mutum ya bi, tambaya ɗaya tana nan: ta wace ƙofa aka shigo da malamin da ba a taɓa gwada shi ba? Shekara da shekaru ana raba aikin koyarwa a ƙananan hukumomi kamar kyautar siyasa, kansila ya kawo nasa, shugaban jam'iyya ya kawo nasa. Yaran da suka zauna a gaban malamin da bai iya ba sun yi asarar da ba za a mayar musu ba. Malamin kansa, da ya gina iyali a kan wannan albashi, an wayi gari an kore shi yana da shekarun da sake sana'a ke da wuya. Gwajin da ya ɗauki rana ɗaya a lokacin ɗauka ya fi sauƙi da tausayi a kan korar dubban mutane bayan shekara goma.

To, mene ne tsarin kirki? Ba abu ne mai wuyar fahimta ba. A rubuta aikin da sharuɗɗansa kafin a ga sunan kowa, don kada a ɗinka sharaɗin daidai jikin wani. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa shi kaɗai ya sa hannu kafin a fara tattaunawa. A ba mai nema wani ɓangare na aikin ya yi a gani: mai neman aikin akawu ya daidaita lissafi, direba ya tuƙa, malami ya koyar da darasi na minti goma sha biyar. Masu bincike a wannan fanni sun daɗe da tabbatar da amfanin haka. Frank Schmidt da John Hunter, a nazarin da suka wallafa a Amurka a 1998, wanda ya tattara binciken shekara 85, sun gano cewa gwajin aiki da ganawa mai tsararrun tambayoyi sun fi hirar kara-zube nuna wanda zai iya aiki, kuma sun fi yawan shekarun karatu nesa ba kusa ba. Mai awo a kasuwar hatsi ta Dawanau, idan yana da mudu biyu, ɗaya na 'yan gida ɗaya na baƙi, ba ya daɗewa kafin a daina zuwa rumfarsa. Ofishin kula da ma'aikata mai awo ne, mataimakin kuwa shi ne ke tabbatar da cewa mudun da aka auna na farko da shi aka auna na ƙarshe.

Mai suka zai ce wannan duk dogon turanci ne, domin mataimakin ƙaramin ma'aikaci ne, idan oga ya turo jerin sunaye ya ce a sa, sai ya sa ko ya rasa tuwonsa. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma ba za a amsa ta da cewa ya yi jarumta ba, don ba adalci ba ne a ɗora wa mai ƙaramin albashi yaƙin da manya suka gudu. Amsar ita ce a gina tsarin yadda ba sai ya yi jarumta ba. Idan ƙa'ida ta ce duk sunan da za a ƙara bayan an rufe karɓar takardu sai da umarni a rubuce mai sa hannu, to mataimakin ba ya buƙatar ya ce wa oga a'a, abin da zai ce kawai shi ne, ranka ya daɗe, a rubuto. Manya da yawa da ke iya ba da umarni da baki ba sa yarda su sa hannu a ƙarƙashinsa. Idan kuma dole ne a liƙa jerin waɗanda suka nema da makin waɗanda suka ci, kuma masu binciken kuɗi da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC za su iya neman takardun a kowane lokaci, to maguɗi yana buƙatar haɗin bakin mutane da yawa, kowane ƙarin mutum kuwa ƙarin haɗarin tonuwa ne. Ga kuma batun ƙungiyar ƙwararru. Cibiyar CIPM, wadda aka kafa a 1968 ta samu amincewar doka a 1992, ita ce ke ba da shaidar ƙwarewa a wannan fanni. Ma'aikacin da ke da lasisin da zai iya rasawa yana da dalilin ƙin yarda, yana kuma da inda zai kai kuka.

Suka ta biyu ta ce matsalar ƙarancin aiki ce, gyaran layi ba ya ƙara yawan abincin da ake rabawa. Gaskiya ne. Hukumar Ƙididdiga ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. Da aka sauya ma'auni, aka riƙa ƙirga duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1 a farkon 2023, amma alƙaluman sun nuna sama da kashi 90 na masu aiki suna ɓangaren da ba rajista ba takarda. Masaƙun Kakuri a Kaduna da yawancin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, waɗanda suka taɓa ɗaukar dubban mutane, sun rufe ko sun ragu ƙwarai. Babu mataimakin da zai buɗe su. Sai dai ƙarancin abu shi ne ke ƙara wajabta adalci wajen rabonsa. Wanda ya faɗi a gasar da ya ga an yi ta a fili yana komawa ya sake shiri. Wanda ya ji cewa an gama rabo tun kafin ya ji labari yana fita da darasi mai guba, cewa karatu ɓata lokaci ne, ƙannensa kuma suna saurare. Bayan haka, hukumar lantarki ko ta haraji ko asibitin da aka cika da waɗanda ba su iya ba, su ne ke korar masu zuba jari, don haka mummunar ɗauka a yau tana cikin dalilan ƙarancin aiki a gobe.

Suka ta uku ta masu ganin kwamfuta ta gama magance matsalar ce, tunda yanzu ta intanet ake cike fom, ba ruwan kowa da akawu. Shafin intanet ya taimaka ƙwarai. Shirin ɗaukar matasa aiki na N-Power da aka fara a 2016 ya nuna cewa ɗan ƙauye da bai san kowa a Abuja ba zai iya nema ya samu. Amma a je shagon intanet a kowane gari a mako na ƙarshe kafin rufe shafi a ga yadda abin yake: layi har waje, janareta na ƙugi, yaron shago yana cike wa mutum biyar fom a lokaci guda, yana sa lambar wayarsa da adireshin imel ɗinsa a madadin nasu, hoto ya ƙi hawa don ya yi nauyi, shafin ya tsaya cak a mataki na ƙarshe. Bayan wata biyu saƙon gayyata ya tafi wayar yaron shago, mai neman bai taɓa ji ba. Kwamfuta tana bin sharaɗin da aka ba ta ne, idan aka ba ta sharaɗi marar kan gado sai ta zubar da mutanen kirki dubu cikin daƙiƙa ba tare da ta tambayi kowa ba. Kuma mutum ne ke zazzage jerin daga na'ura, mutum ne ke iya ƙara layi a cikinsa. Ga kuma amanar bayanan jama'a, lambar katin ɗan ƙasa da ta banki da hoto, waɗanda dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai tattara su alhakin tsarewa. Na'ura ta ƙara wa wannan kujera nauyi ne, ta kuma ƙara yawan abin da mai zama a kanta ya kamata ya sani.

Akwai suka ta huɗu wadda ta fi kusa da zuciyar Bahaushe. Ana cewa sanayya ba laifi ba ce, ita ce tushen amana. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ba ya tallata gurbin yaron shago a jarida, ɗan ɗan'uwansa ko ɗan maƙwabcinsa yake ɗauka, ya koya masa ciniki, bayan shekaru ya sallame shi da jari, kuma wannan tsari ya yi attajirai da yawa. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ba, Mark Granovetter ya nuna a littafinsa na 1974 cewa fiye da rabin ƙwararrun da ya bincika a wani gari kusa da Boston ta hanyar wanda suka sani suka samu aiki. Bambancin da ya kamata a riƙe shi ne wa ke ɗaukar asara. Alhajin Kwari da dukiyarsa yake caca, idan yaron ya ci amana shi zai ji a jikinsa, kuma ya san gidan da zai kai ƙara. Daraktan da ya cusa ɗan ƙanwarsa a asibitin gwamnati da dukiyar jama'a yake kyauta, majinyaci ne zai biya. Ko a kamfani mai zaman kansa, da zarar ma'aikata sun wuce adadin da maigida zai iya sanin kowa da idonsa, sanayya tana komawa hannun manajoji, su kuma ba aljihunsu ne ke ciwo ba. Hanyar da ta dace ita ce a karɓi shaidar wanda ya san mutum a matsayin shaida, a rubuta ta da sunan mai bayarwa, sannan wanda aka kawo ya zauna gwaji ɗaya da kowa.

Wasu a Arewa suna tsoron cewa tsaurara cancanta zai bar yankin a baya, don haka gara a bar ƙofar alfarma a buɗe. Wannan tunani ya juya gaskiya. Tsarin raba daidai yana cikin sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999, hukumar da ke kula da shi an kafa ta tun 1996, kuma ba ya hana gasa, cewa ya yi a ɗauki mafi cancanta daga kowace jiha. Idan aka tallata gurbin Jigawa ko Zamfara aka yi jarrabawa, ɗan manomin da ya yi ƙwazo a jami'a yana da dama. Idan aka yi a ɓoye, kason jihar yana tafiya ne ga 'ya'yan shafaffu da mai, waɗanda wasunsu ba su taɓa kwana a ƙaramar hukumar da ke kan takardar shaidarsu ba, ko ma a sayar wa wanda ba ɗan jihar ba. Mai uwa a gindin murhu ba ya buƙatar ƙa'ida, talaka ne ke buƙatarta. Magabatan yankin sun fahimci haka. Lokacin da gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta tashi cike ma'aikatu da 'yan Arewa a shekarun 1950, ta haɗa manufar da horo, inda makarantar koyon aikin akawu ta Kongo a Zariya, wadda aka buɗe a 1947, ta zama cibiyar horar da jami'an mulki. Haka dokar 2018 da ta ware wa masu buƙata ta musamman kashi 5 cikin ɗari na guraben gwamnati, ba za ta yi aiki ba sai akwai mai ƙirgawa yana rubutawa.

Shi kuma mai neman aiki, fahimtar wannan teburi tana sauya yadda zai shirya. Wanda zai fara duba takardarsa mutum ne mai ɗaruruwan takardu a gabansa da jerin sharuɗɗa a hannu, don haka abin da ke taimakonsa shi ne bayani a sarari: sunan gurbin da ake nema, karatun da aka yi da shekararsa, aikin da aka taɓa yi da abin da aka cim ma a cikinsa, a shafi ɗaya ko biyu. Takardar CV guda da ake watsa wa kowace ma'aikata ba tare da an karanta sanarwar ba, ita ce ke fara faɗuwa. A daidaita rubutun suna da ranar haihuwa a dukkan takardu tun kafin gurbi ya fito, a yi amfani da lambar waya da imel na kai, a nemi izinin duk wanda za a sa a matsayin mai ba da shaida. Kada a raina gogewar da ba ta ofis ba: wanda ya riƙe littafin shago shekara uku, ko ya koyar a Islamiyya, ko ya yi aikin rigakafi a unguwa, yana da abin faɗa. Sannan duk wanda ya ce a turo kuɗi asusunsa don a ba da gurbi, ko ɗan damfara ne ko mai sayar da abin da ba nasa ba, kuma takardar kama aiki ta bogi tana tonuwa ne ranar tantancewa, bayan an sayar da gona an biya.

Abin da ya rage na masu iko ne, kuma ba ya buƙatar sabuwar hukuma ko kasafin biliyoyi. A daina tura wa sashen kula da ma'aikata waɗanda aka gaji da su a wasu sassa, a ɗauki masu horo, a biya musu kuɗin jarrabawar ƙwarewa, a ba su albashin da zai sa cin hancin naira dubu hamsin ya zama abin ƙyama. A haramta ɗaukar aiki ba tare da sanarwa ba, a taƙaita takardar sassauci ga larura ta gaske da za a bayyana dalilinta a fili. A wajabta ajiye rajistar masu nema da takardun maki na wasu shekaru, a ba duk wanda ya nema damar sanin makinsa, a kuma aika wa wanda bai samu ba saƙo ko da layi biyu ne, domin barin mutum yana jira wata shida ba labari wulaƙanci ne. A kare ƙaramin ma'aikacin da ya fallasa maguɗi daga canjin wurin aiki na ramuwar gayya. Jihohi da ƙananan hukumomi, inda ake ɗaukar malamai da ma'aikatan lafiya da suka fi taɓa rayuwar talaka, su ya kamata su fara. Gwamnan da ke son a yarda cewa da gaske yake zai iya nuna haka a ɗaukar aiki ta gaba, ta hanyar buga sunayen waɗanda suka nema, da makin da kowa ya ci, da sunan jami'in da ya sa hannu a kan jerin ƙarshe.